Bayan Ruwa Ya Janye: Abinci da Ruwan Sha a Gida

Ankara gari ne na bakin teku. Ruwan saman da ya zuba a Nima, Maamobi da Alajo yana bin manyan kwatoci ya gangara kogin Odaw, daga nan ya faɗa tafkin Korle, sannan teku. In shara ta toshe masa hanya, sai ya juyo ya shiga ɗakunan mutane. Haka ya faru daren 3 ga Yuni 2015, sa'ad da ruwa ya cika gari, wuta kuma ta tashi a gidan mai kusa da Kwame Nkrumah Circle, mutum wajen 150 suka mutu. Kowa yana tuna wannan dare. Amma shekara guda kafin nan, a daminar 2014, kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a Gana, ta kashe fiye da 240, yawancin masu ciwon kuwa a yankin Ankara suke. Wannan ciwo ba ya zuwa da ƙara. Ta tukunya da randa yake shiga gida.

Mutanen Madina za su ce, ai mu a tudu muke. Gaskiya ne, amma doya da kayan miya da yawa da ake sayarwa a nan daga Agbogbloshie ake ɗauko su, kasuwar da take gab da Odaw. Na ƙauye ma su karanta, gama kogi yana cika a ko'ina.

Ruwan ambaliya ba ruwan sama ba ne kawai. Ya wanke masai, ya wanke juji da mahauta kafin ya iso ƙofarku. Saboda haka duk abincin da ya taɓa, ku ɗauka kashi ya taɓa shi. Garin masara, garin rogo, shinkafa, wake, sukari, burodi, busasshen kifi, barkono niƙaƙƙe: in sun jiƙe da wannan ruwa, a zubar. Na san nauyin wannan magana ga uwar da ta sayi buhun shinkafa jiya da kuɗin adashe. Mata da yawa sukan shanya shi a kan tabarma su ce rana ta kashe dattin. Rana tana busar da hatsi, ba ta wanke shi. Masara da gyaɗa kuma suna da nasu haɗari dabam. In sun yi kwanaki da danshi sukan yi fumfuna, fumfunar tana barin dafi mai lalata hanta, dafuwa kuwa ba ta kashe shi. Kada a ba kaji da awaki ma.

Abincin gwangwani, kamar tumatir, madara da sadin, ana iya cetonsa in gwangwanin bai kumbura ba, bai huje ba, bai yi tsatsa ba. A cire takardar jikinsa, a wanke da sabulu, a tsoma shi a tafasasshen ruwa minti biyu kafin a buɗe. Naman firiji kuwa, in wuta ta ɗauke fiye da awa huɗu har ya huce, kada ku ɗanɗana don gwadawa.

Yanzu ruwan sha, wanda shi ne babban abu. Rijiyar da ambaliya ta shiga ta ƙazantu, ko da ruwanta ya kwanta ya yi garau. Famfo ma ba abin sakankancewa ba ne a makon farko, domin bututu da yawa ta cikin kwata suke bi, inda suka fashe kuma datti yana shiga. Ku tafasa ruwa har ya yi ta ɓulɓula minti ɗaya cur, ko ku sa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs bisa ga abin da aka rubuta a takardarta, ku jira rabin awa. In ruwan ya gurɓace, a tace da tsumma mai tsabta tukuna. Gawayi yakan yi tsada bayan ruwa, na sani. In ba zai isa kome da kome ba, ruwan yara ne farko. Jarkar da ke da ƙaramin baki ta fi randa a wannan lokaci, gama ba mai tsoma hannu ko moɗa a ciki. Ruwan leda kuma, a wanke bayan ledar kafin a sa haƙori, tun da wa ya san inda jakar ta kwana.

A Zango rabin abincinmu a waje ake sayensa: koko da ƙosai da safe, wake da shinkafa da hantsi, tuwo da dare. Ba na ce ku daina ba, masu sayarwa ma 'yan'uwanmu ne da ambaliya ta ci jarinsu. Ku sayi abin da yake tururi a gabanku. Ƙosai da ya fito daga mai yanzu ba laifi. Ɗanyen latas da kabeji da ake zubawa a kan wake da shinkafa, ku haƙura da su har wata guda, domin wasu lambunan cikin gari da ruwan kwata ake ba su ruwa. Fura da kunun sanyi ma, sai kun san ruwan da aka dama su. Ɗumame ya yi zafi har ciki. Wanke hannu da sabulu, a zuba wa kowa ruwa daga buta, ba a haɗu a kwano ɗaya ba.

In gudawa ta kama wani, kada ku jira gari ya waye. Ku dama ORS ƙunshi ɗaya yadda takardarsa ta ce. In babu, ku haɗa na gida: tsabtataccen ruwa lita ɗaya, wato ruwan leda biyu, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Kada ya fi hawaye gishiri. Yaro ƙasa da shekara biyu a ba shi kwata zuwa rabin kofi bayan kowace gudawa, da cokali, kaɗan kaɗan. Wanda ya fi haka, rabin kofi zuwa kofi ɗaya. In ya yi amai, a dakata minti goma a ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni, a zubar a dama sabo. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono, a ci gaba da koko, kada a hana yaro abinci wai don ciki ya huta. Ku tambayi ƙwayar zinki a asibiti, ana shanta kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya.

Gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa, ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, jini a kashi, ko yaro ya kasa sha: waɗannan ba na gida ba ne. Kwalara tana iya kashe babban mutum cikin 'yan awoyi. Ku ɗauko shi nan da nan, ko da tsakar dare ne, kuna ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya.