Amsar Tambaya: Akori-kura mai cin kwantak

Tambaya: Akori-kurata Peugeot 504 ce, ina dakon kaya daga Palladan zuwa kasuwar Sabon Gari. Kwantak sai ƙonewa yake, na gaji da canzawa.

Amsa: Malam direba, wani abu ne ke cinye shi. Fara da kondensa. In ta mutu, bakin kwantak zai yi baƙi ya rarake. Sai koyil: mai buƙatar rizista in aka ɗaura shi babu rizistar, wuta za ta yi yawa. Daina barin makulli a kunne alhali inji na kashe. A saita tazarar kwantak milimita 0.4. Kama sandar distiribita ka jijjiga. In tana girgiɗi, bushin ya cinye, saiti ba zai zauna ba sai an gyara.