Kwalliya da Launin Fata a Arewacin Zamfara

Gabatarwa

Kwalliya tsohuwar al'ada ce ga matan Hausawa. A ƙasashen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, kayan adon gargajiya su ne tozali da lalle da katambiri da fure da goro. Isowar jirgin ƙasa Ƙauran Namoda a 1929 ta ƙara buɗe wa kayan kanti hanya. A yau hoda da hodar ruwa, wato fandeshan, sun zama ruwan dare a akwatin lefe. Wannan darasi zai duba dacewarsu da launin fata.

Rabe-Raben Launin Fata

Bahaushe ya kasa launin fata gida uku: baƙi da wankan tarwaɗa da fari, wanda a Zamfarci ake furtawa "hwari". Yawan sinadarin melanin ne ke bambanta su. Wannan launin zahiri yakan sauya da zafin rana.

Akwai kuma launin ƙarƙashi, wanda ba ya sauyawa. Wata fatar takan ɗauki ruwan rawaya, wata ja-ja ko shuɗi-shuɗi, wata kuwa tsaka-tsaki. Saboda haka mata biyu wankan tarwaɗa na iya buƙatar hoda daban-daban.

Yadda Ake Zaɓe

1. A ɗiga kala uku a muƙamuƙi, domin fatar hannu ta bambanta da ta fuska.
2. A duba da hasken rana.
3. A dakata kaɗan, domin wata hodar takan yi duhu in ta haɗu da maiƙon fuska.
4. Wadda ta saje da wuya ita ce ta dace. In an saɓa, fuska takan yi toka-toka ko jawur.

Matsala

Kirarin "farar mace alkyabbar mata" na sa wasu sayen hodar da ta fi su haske, daga nan sai shafe-shafen bilicin. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya nuna kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya na amfani da man ƙara haske. Wasu mayukan na ɗauke da sinadarin makuri, mai lalata ƙoda.

Kammalawa

Manufar hoda ita ce fito da kyan fata yadda Allah ya halicce ta. Wajibin malami ne ya nuna wa ɗalibai cewa kowane launi yana da adon da ya dace da shi.

Auna Fahimta

1. Bambance launin zahiri da launin ƙarƙashi.
2. Kawo kalmomi biyar na siffanta launin fata a karin harshenka.