Baƙin ciki da aikin ƙarfi suna iya tsaga jijiyar zuciya

Zuciya ita ka tura jini cikin jiki duka. Amma ita ma tana da nata ƙananan jijiyoyi masu ciyar da ita. Bangon kowace jijiya ninki uku ne, kamar zane da anka ninka. Wani lokaci ninkin ciki shi kan tsage. Sai jini shi shiga tsakanin ninki da ninki, shi taru, shi matse hanya. Naman zuciya shi rasa jini. Mutum na iya mutuwa.

Wagga cuta ta fi kama mata, har waɗanda ba su da ƙiba, ba su shan taba. Ta fi yawa ga masu shekara 40 zuwa 60. Tana kuma samun macce mai biƙi, cikin makonnin farko bayan haifuwa.

A ƙasar Kanada, likitoci sun bi mutum 750 masu wagga cuta, sunka bayyana abin da sunka gani a shekara ta 2019. Kusan 9 cikin 10 mata ne. Rabinsu sun ce sun shiga babban tashin hankali kafin ciwon shi faɗo musu. Fiye da 1 cikin 4 sun yi aikin ƙarfi. Kusan 1 cikin 10 sun ɗaga kaya da ya wuce kilo 23. Jarkar ruwa mai lita 25 ta fi haka nauyi.

Mi ya sa? In mutum ya ji mugun labari, kamar rasuwa ko saki, zuciya tana bugawa da sauri, jini shi hau. Haka ma in ya riƙe numfashi ya yunƙura da kaya, ko wajen naƙuda, ko amai mai tsanani. Ba kowa jijiyarshi ke tsagewa ba. Sai wadda bangonta ke da rauni tun can. Aiki da motsa jiki daidai ƙarfin mutum suna da amfani ga zuciya.

Alamun su ne: ƙirji shi yi nauyi kamar an aza dutse, ciwon shi kai hannu, ko wuya, ko baya, da zufa, da ƙarancin numfashi. Sau da yawa a kan ce ma macce: "Tunani ne, ki yi haƙuri." Haƙuri ba shi buɗe jijiya. A kai ta gidan likita nan take, a amalanke ko a mota, kada ta tafi da ƙafa. A faɗa ma likita in ta haifu kwanan nan, ko an yi mata rasuwa. Sai a babban asibiti ake iya ɗaukar hoton jijiyar a tabbatar.

Galibi tsagar tana warkewa da kanta cikin ƴan makonni, da magani da hutu. Amma tana iya komowa, balle ga mai hawan jini. Wadda ta warke ta riƙa zuwa awon jini. Miji da dangi su ɗauke mata ɗaukar jarka da faskare. Kafin ta sake ɗaukar ciki, ita da mijinta su shawarci likita.