Ɗana, Idan Aka Kawo Maka Birkin Da Ya Cije

Ɗana, tun da Allah Ya sa ka buɗe garejinka, akwai aikin da nake so ka ba shi haƙƙinsa fiye da yadda yawancin 'yan'uwanmu ke ba shi, wato gyaran kalifar birki idan ta cije. Aiki ne mai ƙaramin kuɗi, mai motar kuma kullum yana tsaye a kanka yana duba agogo, shi ya sa ake yi masa sha-yanzu-magani-yanzu. Ina roƙonka kada ka bi wannan sahu.

Alamomin ka san su. Direba zai ce mota tana ja gefe guda, ko ta yi nauyi, ko mai yana ƙarewa da wuri. Kai bayan hannunka kusa da ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ba sai ka taɓa ba, za ka ji wata tana huci, da warin ƙuna. Ɗaga motar, ka tokare ta da abu mai ƙarfi don jek kaɗai ba abin dogaro ba ne, sannan ka juya tayar da hannu. Idan ta ƙi, kada ka yi saurin kwance komai. Sa sifana a ɗan notin nan da ake fitar da iska, ka sassauta shi kaɗan. In mai ya yi tsartuwa, taya ta sake nan take, to kalifa ba ta da laifi, mai ne ya rasa hanyar komawa. Galibi tiyon roba ne ya lalace ta ciki, yana barin mai ya wuce idan an taka, ba ya barin ya dawo, alhali daga waje lafiya lau za ka gan shi. Wani lokaci kuma matsalar tana can sama a masta. An sha canza kalifa mai lafiya, mutum ya biya kuɗinsa, kafin mako ya zagayo ƙafar ta sake ɗaukar zafi.

In ka sassauta taya ba ta sake ba, laifin yana nan ƙasa, kuma a nan nake so ka tsaya ka fahimci yadda abin yake aiki. Yawancin ƙananan motocin da ke hannunmu fistonsu a gefe ɗaya yake. Shi ke tura takalmin ciki, sai jikin kalifa ya zame a kan fin guda biyu ya jawo takalmin waje, su haɗu su matse diski. To da ka ɗaga ƙafarka, wa ke mayar da fiston? Babu wani sifirin a wurin. Robar nan mai kusurwa huɗu da ke zaune cikin zanen ramin fiston, ita ce ke ɗan lanƙwashewa idan fiston ya fito, in an saki feda ta miƙe ta ja shi baya, tazarar da ba ta kai kaurin farce ba. Ƙarfinta ke nan duka. Don haka tsatsa kaɗan, ko datti kaɗan, ya isa ya rinjaye ta. Wanda ya gane wannan ba zai ƙara ɗaukar guduma ya buga fiston ya koma, ya ce ya yi gyara ba. Ya koma ɗin, amma abin da ya riƙe shi yana nan, takawa ɗaya za a yi ya sake maƙalewa.

Tsatsar nan ta ƙofa biyu take shiga. Ta waje, idan robar da ke tare ƙura ta yage, ruwan damina da na wankin mota da ƙurar hunturu su samu hanya. Motocin Kwatano kuwa da yawansu da ciwon suke zuwa, domin a Kanada da arewacin Amurka da ƙasashen Turai ana zuba gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara, gishirin kuma yana cin ƙarfen ƙasan mota. Ta ciki, man birki ne da kansa, don yana shan danshin iska a hankali. Sabon DOT 4 sai ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin Salshiyas kafin ya tafasa, amma in ya sha ruwa kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin da aka gindaya masa ya sauko zuwa 155. Na DOT 3 kuwa daga 205 ne zuwa 140. Ka haɗa wannan da ƙafar da tuni take ƙuna saboda cijewa, ka ɗora motar cike da fasinja a gangaren Hawan Kibo. Mai zai tafasa, ya zama tururi, direba ya taka feda ta tafi ƙasa babu komai. Shi ya sa kamfanonin mota da dama ke cewa a canza man duk shekara 2, abin da mu kusan ba ma yi sai dai mu ƙara a kai.

In ka zo gyaran, fara da fin, su suka fi sauƙi kuma su suka fi yawan laifi. In ka ga takalmi ɗaya ya cinye ɗayan yana nan da kauri, ko ya ci a karkace, ka zarge su. Zare su, in sun ƙi ka jiƙa ka riƙa murɗawa a hankali, ka goge su da ramukansu tas. Ka kankare tsatsar da ke inda kunnuwan takalmi ke zama, don shi ma takalmin yakan maƙale a wurin. Kuma yayin da kake wannan, ka rataye kalifa da waya. Kada ka bar ta tana reto a jikin tiyo, nan ake kashe tiyon da yake da lafiya.

In fiston ne, ka sa yaro ya riƙa taka feda sannu a hankali, mai ya turo shi waje. In da iskar kwampreso za ka fitar da shi, sa katako a gabansa, ka janye yatsunka gaba ɗaya, domin da ƙarfin da zai iya murƙushe ƙashi yake fitowa. Wanke komai da sabon man birki. Fetur da kalanzir da gas, da giris ɗin da muke sa wa boris, duk suna kumbura robar birki, yau ta yi kyau a ido gobe ta shaƙe fiston. Giris na silikon ko jan nan da aka yi don roba, shi ne nata. Ka cire tsohuwar roba ka duba cikin zanen da take zama, nan tsatsa ke taruwa ta tura ta waje. Sai ka ɗauki fiston ka kai shi hasken rana. In tabo ne a sama, zai goge. In kuwa tsatsa ta ci farin ƙarfen ta yi ramuka, samfefa ba za ta cece shi ba, zai yanka sabuwar roba mai ya fara yoyo. Ka gaya wa mai motar a sayo wani, ko a Ƙofar Ruwa ko a Panteka, kuma in na hannu aka kawo ka buɗe shi ka duba kafin ka ɗaura.

Kalifar baya mai haɗe da birkin hannu, irin ta Sharan da wasu Honda Accord, murɗa fistonta ake yi ya koma, in ka matse ta da ƙarfi ka lalata abin da ke ciki. Kuma ka kula kada ta dama ta koma hagu: notin fitar da iska a sama yake zama, in ya koma ƙasa za ku wuni kuna takawa iska ba ta fita ba.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan damuna. Direban haya zai zo maka da la'asar, ga lodi yana jiransa a tasha, ya ce, "Oga, don Allah ka kashe min ƙafar nan kawai, gobe zan dawo." Yana nufin ka toshe bututun mai, motar ta tafi da birki uku. Na san talauci ne ke sa shi, ba mugunta ba, kuma na san ƙin yi yana da nauyi ga mutumin da kuke gaisawa kullum. Amma motar da aka kashe wa ƙafa, ranar da aka taka birki da ƙarfi gefe za ta fizga, kuma waɗanda ke zaune a baya ba a yi shawara da su ba. Ka zaunar da shi, ka nuna masa fiston ɗin ya gani da idonsa. In kuɗi ne babu, gara ka ɗaga masa na aikinka zuwa wani lokaci, ya sayi roba da mai.

Idan ka haɗa, takalma ka canza na ƙafafun biyu tare, dama da hagu, domin wanda ya ƙone ya riga ya ƙeƙashe. Fitar da iska har sai mai ya fito garau babu kumfa, ka cika kofi, ka taka feda sau da yawa har ta yi tauri kafin motar ta motsa daga inda take. Sannan kai da kanka ka zagaya da ita, ka dawo ka sake kai bayan hannunka kusa da kowace ƙafa, in zafinsu ya zo ɗaya ka miƙa masa makulli.