Kyanwar Hajiya da jirgin ranar Laraba

A Abu Hujar da ƙauyukan Hausawa da ke bin gaɓar Shuɗin Nilu, kare ma'aikaci ne. Shi ke kwana gindin riɗi idan an yanke an jingine shi ya bushe, shi ke bin awaki, shi ke tayar da gida in wani abu ya matso garke da dare. Kyanwa kuwa, wadda maƙwabta Larabawa ke kira kadisa, aikinta rumbun dawa da ɓerayen da ke cikinsa. Mai wannan rubutu likitan dabbobi ne da ya shekara da shekaru yana allurar shanu da tumaki a wannan yanki, kuma kafin yaƙi ba ya tuna ranar da wani ya tare shi da tambayar yadda ake shiga jirgin sama da kyanwa.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ne ya kawo tambayar. Filin jirgin Khartum ya rufe tun ranar farko, zirga-zirga ta koma Port Sudan. A ƙarshen Yunin 2024 faɗa ya iso Singa, mutanen jihar Sinnar suka watse, wasu Gadarif, wasu Damazin, wasu Kasala. Masu 'ya'ya a Alƙahira, Jidda ko Turai suka fara neman hanyar fita, kuma a gidaje da dama akwai yaron da ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai bar magensa ba.

Wata dattijuwa daga wani ƙauye kusa da Abu Hujar ta samu likitan a inda yake gudun hijira. Ɗanta da ke Turai ya gama musu takardu, ita da jikarta, ya turo tikiti. Jikar na rungume da kyanwa a cikin kwando.

"Likita, ga ta nan. Ka yi mata allura ka rubuta mana takarda, jirginmu ranar Laraba ne."

"Hajiya, allurar minti biyu ce. Takardar ce ke cin wata huɗu."

Ta ɗauka ciniki yake nema, har ta fara kwance bakin mayafi. Sai da ya zauna ya lissafa mata kwanakin da yatsa sannan ta yarda ba kuɗi ne matsalar ba. Ranar Laraba suka tashi, kyanwa ta zauna hannun wata maƙwabciya, yarinya kuwa ta sha kuka.

Abin da Hajiya ba ta sani ba, kuma yawancin masu zuwa wurin likitan ba su sani ba, shi ne ƙofa biyu dabba ke ratsawa. Ta farko ta kamfanin jirgi ce, wadda ke duba nauyi da akwati. Ta biyu ta ƙasar da za a sauka ce, wadda ke duba kalanda. Mutane kan sha wahala a kan ta farko, alhali ta biyu ce ke mayar da su gida.

Dalilin tsaurin ƙofa ta biyu cuta ɗaya ce, haukan kare, wadda a Sudan ake ce wa sa'ar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kusan duk masu kamuwa ta cizo ko yagar kare suke samunta. Idan alamunta suka bayyana ba a tsira sai wanda Allah ya nufa da kwana. Wani abin tsoro kuma, takan ɓuya a jiki wata biyu zuwa uku, wani lokaci har shekara, dabba na cin abincinta lafiya ƙalau. Ƙasashen da suka kawar da ita ba sa amincewa da ganin ido, shi ya sa suke sa a jira.

Ga yadda Tarayyar Turai ke lissafi ga dabbar da ta fito daga ƙasa irin Sudan ko Najeriya. Da farko a dasa mata wata 'yar ƙwaya mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wajen wuya ko kafaɗa, mai ɗauke da lamba goma sha biyar da na'ura ke karantawa. Wannan ita ce shaidar dabbar, kuma tilas ta riga allura ko su zo rana ɗaya. Likitan ya ga wanda ya yi wa karensa allura, daga baya ya dasa ƙwayar, aka ce masa allurar ba ta ƙirguwa tunda babu hujjar cewa wannan karen aka yi wa. Sannan allurar haukan kare, wadda ba a yi wa dabbar da ba ta kai mako 12 ba. Bayan aƙalla kwana 30 a ɗebi jini a aika ɗakin gwajin da Tarayyar ta amince da shi, a ga ko garkuwar jiki ta kai ma'aunin 0.5. In ta kai, a ƙirga wata uku cif daga ranar da aka ɗebi jinin. Wata huɗun da aka faɗa wa Hajiya ke nan, in komai ya tafi daidai. Takardar lafiya ta likitan gwamnati ita ce ta ƙarshe, kuma kwana 10 kacal take aiki kafin a shiga ƙasar. Wanda ya yi gaggawar karɓarta ya yi asara, wanda ya makara shi ma haka.

Amurka ta ƙara tsananta nata sharaɗin daga 1 ga Agustan 2024: duk karen da zai shiga sai ya kai wata shida, da ƙwayar lamba a jikinsa, da fom ɗin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, da ake cikewa ta intanet. Wanda aka yi wa allura a ƙasar da cutar ke yawo, sai ya sauka a filin jirgin da ke da wurin ajiyar dabbobi mai rajista, in kuma babu sakamakon gwajin jini a killace shi kwana 28 da kuɗin mai shi. Ingila kuwa ba ta barin kare ko kyanwa su iso a ɗakin fasinja, sai ta ɓangaren kaya, ban da karen da ke taimakon mai naƙasa.

Mutanenmu sun fi zuwa Saudiyya, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Kyanwa na shiga da takardunta, amma kare sai in na farauta ne, na gadi, ko na jagorar makaho, kuma da izinin Ma'aikatar Muhalli, Ruwa da Noma tun kafin a taso. Abin mamaki, waɗannan su ne kusan dalilan da malamanmu na Malikiyya ke kawowa na halaccin riƙe kare. Sai dai jami'in filin jirgi takarda yake karantawa, ba ya sauraron bayanin cewa karen nan ya shekara biyar yana gadin gona a Abu Hujar.

Ƙofar kamfanin jirgi ta fi sauƙin fahimta. Yawancin kamfanonin da ke barin dabba ta zauna da mai ita sun tsaya a kilo 8, kuma da nauyin jakar ake aunawa. Turkish Airlines da Lufthansa da EgyptAir duk haka suke. Girman jakar ya bambanta: Turkish na so kada ta wuce santimita 23 da 30 da 40, Lufthansa kuma 55 da 40 da 23, domin ƙarƙashin kujerar gaba za a tura ta, kuma can za ta zauna har a sauka. Kyanwarmu ta gida takan shige wannan ma'auni cikin sauƙi. Karen ƙauye ba ya shiga, sai cikin jirgi ta ƙasa, a sashen da ake daidaita wa iska da zafi, inda ake sanar da matuƙi a rubuce cewa akwai mai rai a kayansa.

Wasu kamfanonin ba sa yarda ko kaɗan. Emirates ba ya barin kare ko kyanwa a ɗakin fasinja, sai karen jagora, amma yana barin shaho a wasu hanyoyi tsakanin Dubai da Pakistan. Qatar Airways ma na karɓar shaho, har guda shida a sashen masu ƙaramin tikiti. Kowa da dabbar da yake girmamawa.

Kuma ba a zuwa da dabba kwatsam ranar tafiya. Kowane jirgi yana da iyakar adadin da zai ɗauka, don haka tun wajen yankan tikiti ake faɗa, a biya kuɗinta daban, a karɓi amincewa a rubuce. In tafiyar ta haɗa kamfani biyu, kowanne sai an tambaye shi, domin amincewar na farko ba ta ɗaure na biyu.

Akwatin da ake sa dabba a ƙasan jirgi yana da ƙa'idar da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta shimfiɗa: dabba ta iya miƙewa tsaye kanta bai taɓa rufi ba, ta iya juyawa, ta iya kwanciya yadda ta saba. Ya zama mai ƙarfi, da tagogin iska, ƙasansa ba ya yoyo, da mazubin ruwa da za a iya cikawa daga waje. Kejin kaji na kasuwa da kwandon kaba ba sa wucewa, komai kyan saƙarsu. Likitan kan ce a ajiye akwatin a tsakar gida a buɗe makonni kafin tafiya, a riƙa sa abinci a ciki, har dabbar ta ɗauke shi ɗakinta. Wadda aka cusa da ƙarfi ranar tashi ita ce ke karya farce da haƙori a jikin ƙofa.

Buƙatar da aka fi zo wa likitan da ita ita ce maganin barci, kuma ita ce wadda ya fi ƙi. Maganin na saukar da hawan jini, yana rage numfashi, yana hana dabba tsayuwa da ƙafafunta idan jirgi ya girgiza, ga shi babu mai duba ta a can ƙasa. IATA ba ta goyon bayan yin haka, kuma wasu kamfanonin in suka ga dabba na layi sukan ƙi ɗaukarta. Abinci kaɗan sa'o'i huɗu kafin tashi da ruwa isasshe sun wadatar.

Masu kyanwar Shirazi, mai dogon gashi da shafaffen hanci, su ƙara kula. Hanyar numfashinta gajera ce, zafi da firgita na saurin shaƙe ta. A 2010 Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ta bayyana cewa cikin karnuka 122 da suka mutu a jiragen ƙasar tun 2005, kusan rabi masu irin wannan fuska ne, kuma kamfanoni da yawa sun daina ɗaukarsu a ƙasan jirgi. A Maris ɗin 2018 wani ɗan kwikwiyo ya mutu a jirgin United daga Houston zuwa New York bayan an sa jakarsa a ma'ajiyar kaya ta saman kujera. Duk wanda ya ce a sa dabba a can, ko ma'aikacin jirgi ne, kada a yarda.

Akwai kuma abin da littafin kamfani ba ya faɗa. Daga Abu Hujar zuwa Port Sudan ta Gadarif da Kasala ya haura kilomita dubu, kuma zafin bakin Bahar Maliya a bazara yakan wuce digiri 40. American Airlines ba ya ɗaukar dabba a kaya in zafi ya wuce kusan digiri 29. A ganin likitan, motar da ke kai dabbar filin jirgi ta fi jirgin haɗari. A yi tafiyar dare ko asuba, kada a ɗaure akwati a saman mota. A wurin bincike kuma za a ce a fito da kyanwa a riƙe ta a hannu, jakar ta shiga na'ura, don haka a sa mata igiyar ƙirji tun daga gida, domin kyanwar da ta kuɓuce a filin jirgi da wuya a sake ganinta.

Ra'ayin likitan, bayan duk wannan, shi ne yawancin dabbobin ƙauyukanmu sun fi dacewa da zama. Karen da ya saba da gona ba zai ji daɗin bene a Alƙahira ba. Amma a bar shi hannun wanda zai ciyar da shi. Da mutane suka fara komawa bayan sojoji sun karɓe Singa a Nuwamban 2024, akwai waɗanda suka tarar da abin da suka kulle a ɗaki suna zaton kwana uku za su yi, kuma kowa ya san hadisin matar da ta kulle kyanwa.

Karnukan da aka saki kuwa sun shiga yawo, kuma su ne yara ke cin karo da su a hanyar kogi. Wanda kare ya ciza ko ya yaga, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran alama. Mai kare ko kyanwa kuma ya kawo su a dasa musu ƙwayar lamba a yi musu allura tun yanzu, ya adana katin tare da takardun gida, ko da bai taɓa mafarkin hawa jirgi ba. In wata rana tikiti ya zo, daga ranar da ke rubuce a katin nan za a fara ƙirga.