Idan Ƙwan Lantarki Ya Mutu

Yawancinmu idan ƙwan lantarki ya mutu, bola muke wurga shi. Can zai fashe, yaro mai yawo ba takalmi ya taka. Alhali wani ƙwan yana da sauran amfani a gida. Sai dai kafin ku taɓa shi, ku san irinsa tukuna, domin ba kowanne ake buɗewa ba.

Akwai tsohon yayi, mai gilashi garai-garai, wanda ake hango siririn zaren ƙarfe a cikinsa. Irinsa ne Thomas Edison ya inganta a Amurka a 1879. Akwai na zamani, wato LED, mai farar hular roba, wanda ba ya zafi sosai. Waɗannan biyun ana iya sarrafa su.

Na ukun shi ne mai murɗaɗɗen gilashi, da ɗan'uwansa dogon ƙwai na ofis da masallaci. Wannan kam kada ku buɗe shi, ko da wasa. Akwai zaiba a cikinsa, kimanin miligiram 4 a mai murɗen. Kaɗan ce, amma guba ce. Tururinta yana cutar da ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya fi kuma illa ga yara da mata masu ciki. Zaiba ce ta nakasa mutanen garin Minamata na ƙasar Japan, bayan wata masana'anta ta yi shekaru tana zuba ta a teku, suna cin kifin. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka ƙulla a 2013 don rage amfani da ita.

In ƙwai mai zaiba ya fashe a ɗaki, ku fitar da yara, ku buɗe tagogi, ku bar ɗakin na kamar minti 15. Kada ku share da tsintsiya, tana watsa ƙurar. Ku kwashe da kwali, ku goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, ku zuba duka a kwalba mai murfi. Kada kuma ku ƙona shi tare da shara.

Shi kuwa tsohon yayi, ko ba a buɗe shi ba yana aiki. Safa ta huje a diddige? Ku zura ƙwan a ciki, ramin zai miƙe a kan gilashin, allura ta riƙa zamewa ba ta soki yatsa ba. Ɗinkin ya fito sumul.

Buɗe shi aikin manya ne. Ku nannaɗe ƙwan da tsumma mai kauri, ku sa tabarau don kare ido. Da filaya za ku ɓamɓare ɗan ƙarfen da ke gindinsa, ku farfasa baƙin abin da ke kewaye da shi. Sannan ku zura sukudireba a hankali ku karya bututun ciki, ku zazzage tarkacen a takarda, ku ɗauraye.

To, ga amfanin da na fi so ku gwada, ku da kuke koyon karatu. Ku cika ƙwan da ruwa mai tsabta, ku toshe bakinsa, ku kawo shi dab da takarda. Haruffa za su kumbura, ƙugiyar ɗ da ta ƙ su fito ɓaro-ɓaro. Ƙananan rubutun jikin kwalin magani ma za su karantu. Ba zai maye gurbin tabarau na asibiti ba, amma yana fitar da mutum kunya. Abu ɗaya: kada a bar shi a rana. Yana tara hasken wuri ɗaya, har ya iya ƙona takarda ko tabarma.

Haka nan za ku iya ɗaura masa waya a wuya ku rataye, ku tsoma reshen na'ana'a a ruwan. Yara za su ga saiwa tana fitowa da idonsu, daga baya a dasa. Wasu suna zuba kananzir su sa lagwani su yi aci-balbal. Ni ban ba ku wannan shawara ba. Gilashin ba kauri, yana fashewa, gobara kuwa ba ta sallama.

Game da LED, sau da yawa bai mutu duka ba. Ku kwance shi daga wuta, ku ɓalle hular. Za ku ga faranti mai 'yan ɗige-ɗige rawaya a jere. Wuta tana bi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa in guda ya ƙone, sauran sukan ɗauke. Wanda ya ƙone yakan yi baƙin tabo. Mai gyaran rediyo zai iya tsallake shi da ɗigon dalma, ƙwan ya sake kamawa, ko da yake ba zai daɗe kamar sabo ba. Kada ku taɓa cikinsa yana jone da wuta.

Wanda ya ƙi gyaruwa, hularsa ta isa ajiye allura da maɓalli, ko a huda gindinta a yi renon irin tumatir. Masu kaji kuma su ajiye ƙwan LED ɗin ɗungurungum a akurki. Kaza tana son yin ƙwai inda ta ga wani, sai ta daina zuwa bayan rumbu tana ɓoyewa.