Mutum-mutumin Gwajin Haɗarin Mota: Ƙirji da Ciki

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Anka zuwa Gummi ya san yadda akan cusa fasinja biyu a kujerar gaba, bel kuwa yana rataye babu mai kula shi, alhali Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta ɗaura shi tun 2003. Sanin amfanin bel, da sanin inda yake cutarwa, ya samu ne ta hanyar wani mutum-mutumi da ake zaunarwa a mota, a gwara ta da bango da gangan.

Samuel Alderson ne ya ƙera na farko a Amurka a 1949. A 1976 kamfanin General Motors ya fito da Hybrid III, mai nauyin kilo 78, kwatankwacin matsakaicin namiji. An yi masa haƙarƙari na ƙarfe, da na'ura guda mai auna yadda tsakiyar ƙirji ta lotsa. A nan gizo ke saƙa. Bel a karkace yake ratsa ƙirji, daga kafaɗa zuwa ƙugu, saboda haka wani gefe yakan fi wani matsuwa, awon tsakiya kuwa ba ya nuna hakan sosai. Cikinsa ma babu abin awo.

Wannan giɓi ba ƙarami ba ne, domin hanji ba shi da ƙashin da zai kare shi ta gaba. Idan mutum ya kishingiɗa a kujera, da an yi karo sai jikinsa ya zame ta ƙarƙashin bel, bel ɗin ya bar ƙashin ƙugu ya nutse cikin ciki. Irin wannan fasinja yakan fito da ƙafarsa, jama'a suna yi masa barka, jini kuwa yana zuba a cikinsa, asibiti kuma da nisa.

Sabon samfurin da ake kira THOR yana auna ƙirji a wurare 4, ciki a wurare 2, kuma Euro NCAP, mai gwajin motoci a Turai, ta fara aiki da shi a 2020. Sai dai mutum ɗaya ake zaunarwa a kowace kujera. Fasinja na biyu na motar Gummi ba ya cikin lissafin.

Jinga: A bayyana ma'anar "lotsa" da "kishingiɗa", sannan a tsara yadda za a nuna wa 'yan aji shida inda ya kamata bel ya zauna a jiki.